Takunkumin Barney

Noel Hartigan ba mutum ne mai yawan doka ba. Shekararsa sittin da takwas bai taɓa goge takalmi ba, kuma idan burodi ya faɗi ƙasa hure shi yake yi ya kai baki. Amma tun ranar da suka baro Geraldton ya kafa wa yayarsa Glenys doka guda, ya kuma tsaya a kanta ba sassauci: muddin ƙafar karenta za ta taɓa ƙasa a wannan dajin, to da takunkumi a bakinsa.

"Kai dai tun kana yaro mugu ne," in ji Glenys, tana ɗaure wa karen igiyar takunkumin a bayan kunne. "Dubi idonsa. Ya ɗauka wani laifi ya yi."

"Gara ya ɗauka."

"Barney, ka ji kawunka ko? Da mutane ma bai iya magana ba, balle kare."

Noel ya ƙyale ta, don ya san abin da ya sani. Shekara talatin da ɗaya ya yi masu kiwon tumaki suna ɗaukarsa aikin kashe karnukan daji. Ya yanka naman doki ko na kangaru gunduwa-gunduwa kamar dunƙulen hannu, ya shanya a raga, ya tsira wa kowace gunduwa allurar guba, sannan ya bi hanyoyin daji da gefen shinge yana wurgawa ta tagar mota. Bara ya ajiye aikin, saboda gwiwoyinsa sun ƙi. Wasu sun ci gaba daga inda ya tsaya. Don haka shi in ya kalli daji ba furanni yake gani ba, gani yake a gindin wace bishiya da shi ne zai jefa nama. Kuma ya san gubar nan ba ta da makari. Karen da ya haɗiye ta ya gama yawo.

Shi kuwa Barney ba kare ba ne kawai a wurin Glenys. Mijinta Des ya rasu wata takwas da suka wuce, tun daga nan ba ta ƙara taka ƙofar waje ba sai don ta zagaya da karen. 'Yarta ce ta bugo wa Noel waya daga Perth tana kuka. "Kawu, Mama ba ta magana da kowa sai Barney. In ba don tana tashi ba shi abinci ba, na tabbata ba za ta sauko daga gado ba." Noel bai iya lallashi ba, bai kuma taɓa iyawa ba. Abin da ya iya shi ne tuƙi da kafa tanti. Sai ya loda tsohuwar a-kori-kurarsa ta aiki, ya je ya tsaya a ƙofar gidan yana danna ham har ta fito don kunyar maƙwabta. Ta ce ba inda za ta ba tare da karen ba. Ya ce ya ji, ya kuma ɗaukar wa kansa cewa ko me za a yi sai ya dawo mata da shi gida da ransa.

Kwana huɗu komai ya tafi daidai. Sun wuce Meekatharra suka bar kwalta a baya. Sun ga raƙuman daji bakwai sun tsaya a tsakiyar hanya suna tuƙa, ko gezau, sai da Noel ya fita ya yi musu ihu da hula. A zango na biyu wani ƙaton guza ya shigo har gindin tebur ya haɗiye musu ƙwai uku yana kallonsu, Barney na ta haushi a cikin takunkumi kamar wanda aka toshe wa baki da tsumma. Ranar ce Glenys ta yi dariya har da riƙe ciki. Noel ya ji daɗi ƙwarai, amma sai ya ɓata fuska ya ce ita za ta kwana da yunwa, ba shi ba.

Safiya ta biyar ta same su a bakin wani ɗan ruwa da ya rage a busasshen kogi. Noel na tsugune yana ɗora gwangwanin shayi a wuta, sai Glenys ta zungure shi da ƙafa. A ƙetaren ruwan wata dingo ce tsaye, wato karyar daji, launinta kamar na ƙasar wurin, ramammiya, nonuwanta sun zubo, alamar tana da 'ya'ya a wani rami. Ta sha ruwa, ta ɗago ta kalle su ba tsoro ba gaggawa, ta ƙara sha.

"Kai, kyakkyawa ce," Glenys ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ki bari sai kin ganta a cikin tumaki. Ba ci take yi ba, farke ciki take ta wuce na gaba. Na taɓa ƙirga 'yan raguna arba'in a safiya ɗaya, rabinsu da sauran rai, suna jan hanji a ƙasa."

"Noel, karin kumallo fa muke."

"Ke kika ce kyakkyawa ce."

Dingon ta juya ta shige cikin duwatsu. Suna cikin naɗe tanti Barney ya sulale bayan itatuwa, da takunkuminsa, don haka ba wanda ya damu. Warinsa ne ya riga shi dawowa. Ya samu mushen kangaru da ya kwana biyar a rana, ya yi birgima a ciki son ransa, ya taho yana kaɗa wutsiya kamar ya yi abin a yaba. Glenys ta toshe hanci ta ɗauko guga. Ta wanke shi da ruwan kogin sau biyu, abin sai ma ya ƙara tashi.

"Wannan ba zai shigar min gaban mota ba," in ji Noel.

"Tun da muka taho a ƙafata yake kwanciya."

"Tun da muka taho bai yi wanka da gawa ba. Baya zai hau. Kare ne, Glen, ba limamin coci ba."

Ya ɗaga shi ya ɗora a bayan motar, tsakanin tankin ruwa da akwatin kayan aiki, ya ja tamfol ya yi masa inuwa, ya ɗaure shi da gajeriyar sarƙa. Sannan ya kwance takunkumin ya rataye a ƙarfe.

"A'a! Mai doka, yau kuma ina dokar?"

"Doka ta ƙasa ce. Nan sama ba abin da zai same shi. Kuma a zafin nan in bai buɗe baki ya yi haki ba, kafin rana ta take kin rasa shi."

Haka duk masu wannan sana'a suke yi da karnukansu: a ƙasa baki a ɗaure, a kan mota baki a sake. Noel bai ko yi tunani a kai ba. Ranar da ya bar aiki ya wanke motar nan da sabulu da tiyo har sau biyu, ya ƙone buhunan, ya mayar da sauran gubar inda aka ba shi. A saninsa babu wuri mai tsabta a duk faɗin dajin kamar bayan motarsa.

Hanyar ranar muguwa ce. Gargada ce tun daga farko, irin wadda ke sa haƙora su riƙa haɗuwa, cokula na kuka a akwati, Glenys na riƙe da ƙirji tana tsine wa duk wanda ya ce mata ta fito. Wani uban emu, tsuntsu mai kama da jimina, da 'ya'yansa shida suka bi gefen motar da gudu, wawaye, maimakon su kauce sai suka dage sai sun tsallaka ta gaba. Noel ya taka burki yana zaginsu har kakanninsu. Awa uku suka yi a haka. Lokaci-lokaci Glenys takan waiga ta gilashin baya.

"Ya yi shiru abinsa," ta ce. "Ya samu abin yi, ina ga."

Da rana ta take suka tsaya a inuwar wasu bishiyoyin mulga don su ci abinci. Noel ya hau baya zai sauko da kular abinci. Barney na kwance yana lasar ƙafafunsa na gaba, ya ɗago yana kaɗa wutsiya. Abin da Noel ya fara lura da shi tankin ruwa ne. Gargadar ta kwance ƙusar da ke riƙe da shi, ya goce kamar faɗin tafin hannu, ya bar wani lungu a bayansa wanda tiyo bai taɓa kaiwa ba. Ƙura ce a ciki da busassun ganye. A bakin lungun kuma ga wani baƙin abu, busasshe, mai tauri kamar itace.

Ya ɗauka ya juya shi. A jikinsa akwai tsaga biyu na wuƙa, ɗaya ta gitta ɗaya kamar gicciye.

Shi kaɗai ke yin wannan a duk yankin. Duk gunduwar da ya tsira wa allura sai ya gitta mata wuƙa, don kada ya tsallake wata ko ya yi wa wata sau biyu. Abokan aikinsa har dariya suke masa, suna cewa Hartigan na yi wa karnuka addu'a kafin su ci. Ya dubi tsakanin ƙafafun Barney, ga ɓarɓashi baƙi. Ya kama bakin karen ya buɗe, ga zare-zaren nama a tsakanin haƙora. Ba ɗaya ba ce ta faɗo daga lungun. Guda nawa ne, bai sani ba, kuma ba wanda zai gaya masa.

Bai san lokacin da ya cusa gunduwar a aljihun wando ba.

"Glen! Gishiri! Kawo gishiri da kofi, yi sauri!"

"Me ya faru?"

"Ya ci nama. Kawo na ce!"

Ta taho da gudu irin na mai shekara saba'in da ɗaya, gishirin na zuba a hanya. "Wane nama? A ina ya samu? Ba ka ce nan sama…"

"Hankaka ne," in ji Noel. Ƙaryar ta fito da kanta, sumul, kamar da ma tana jira a bakinsa. "Suna ɗauka su tashi da shi, in ya yi musu tauri su sake. Wataƙila lokacin da muka tsaya buɗe ƙofar shinge."

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Tun suna yara in dai maganar daji ce abin da Noel ya faɗa shi ne.

Ya dama gishiri a ruwa, ya matse karen tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗura masa. Barney ya yi ta fizge-fizge yana kallon Glenys, ita kuma tana ba shi haƙuri. Can ya sunkuya ya yi amai, ruwa rawaya da 'yan baƙaƙen gutsattsari kaɗan.

"Ya fito! Noel, ya fito, ka gani!"

Noel ya gani. Ya ga kuma cewa abin da ya fito bai kai rabin gunduwa ba, kuma tun da safe karen ke baya shi kaɗai. Ya tona rami da shebur ya binne aman, ya ce su tafi. Likitan dabbobi mafi kusa yana Carnarvon, tafiyar awa shida in hanya ta yi kirki. Ya san ko a ƙofar likitan suke ba abin da zai iya, amma ba zai iya zama a inuwa yana jira ba. Yanzu Barney a cinyar Glenys yake a gaban mota, ba wanda ya ƙara maganar wari.

Ya kunna rediyon oba-oba na motar yana kira. Shuuu kawai ake ji. Sai a kira na biyar wata murya ta amsa, wani mai gyaran hanya ne can wani wuri da girader ɗinsa. Noel ya gaya masa a taƙaice.

"Ayya, mutumina," in ji muryar. "Tun yaushe?"

"Ban sani ba. Awa biyu, ko uku."

Muryar ta ce, "Kana da bindiga a motar?"

Noel ya kashe rediyon.

"Me yake nufi?" in ji Glenys.

"Surutu ne. Zaman daji shi kaɗai ya taɓa masa kai."

Kusan awa guda Barney lafiyarsa ƙalau. Ya leƙa kai ta taga, ya yi wa wasu shanu haushi, ya lashi haɓar Glenys. Ita kuwa bakinta ya buɗe, sai zuba take. Ta ce ai tun yana ɗan kwikwiyo cikinsa na ƙarfe ne, ya taɓa cinye safar Des guda ya kashe ta bayan kwana biyu. Ta ce in sun isa gari za ta saya masa kaza sukutum, Noel kuma ko ƙashi ba zai samu ba. Noel na cewa "uhm", idonsa a hanya, gunduwar da ke aljihunsa na tokare masa cinya. Tausayinta ya ishe shi, har ya fi son ta yi shiru.

Kunnuwan Barney ne suka fara. Suka miƙe, karen ya ƙura wa wani abu ido a cikin motar inda babu komai. Jikinsa ya ɗauki rawa. Ya sauka ya cusa kai ƙarƙashin kujera, ya fito, ya sake komawa. Sai ya yi wani kuka da Noel bai taɓa jin irinsa daga bakin kare ba, siriri, dogo, kamar na jariri da aka ƙona. Kafin motar ta gama tsayawa ya yi tsalle ta taga.

Gudu yake ba ya ganin gabansa. Ya zagaya, ya sake zagayawa, ya daki kututturen bishiya da kai, ya tashi, ya ci gaba, yana kuka yana fitsari. Glenys na binsa tana kiran sunansa, ƙaya na yage mata ƙafa. Daga ƙarshe ya faɗi a gefe ɗaya, ƙafafunsa na tuƙa iska, wuyansa ya sandare ya lanƙwashe baya, kumfa na fita. Noel ya jefa masa bargo ya danne shi har abin ya lafa. Sannan ya miƙe ya koma mota, ya jawo bindigarsa daga bayan kujera.

Da ya juyo sai ya tarar da ita tsaye tsakaninsa da karen.

"Mayar da ita."

"Glen."

"Mayar da ita na ce! Ya yi amai. Kai da bakinka ka ce in ya yi amai…"

"Ban ce ba."

"To me ya sa ka ba shi gishirin? Me ya sa muke gudu a hanya? Kai ba likita ba ne, Noel, kai ba ka san komai ba sai kisa!"

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, sai karen ya farfaɗo. Ya ɗago kai, ya gane ta, ya buga wutsiya a ƙasa sau biyu. Ta durƙusa ta ɗora kansa a cinyarta, ya lashi hannunta.

"Ka gani? Yana wucewa. Ɗan albarka, yana wucewa, ko? Kawunka ne mai gaggawa."

Minti goma bai cika ba abin ya dawo, ya fi na farko. Ya lafa, ya sake dawowa.

Noel na tsaye a rana da bindiga a hannu, ƙudaje sun cika masa fuska bai kore su ba. Shekara talatin da ɗaya, bai taɓa tsayawa ya ga wannan ba. Aikin ba ya bukatar a gani. Ka wurga ta taga ka wuce, bayan sati uku ka dawo ka duba sawu a bakin ruwa, in sawun ya ragu aiki ya yi kyau. Jefi-jefi ka tsinci ƙasusuwa a gindin dutse. In 'yan birni sun tayar masa da gardama a mashaya yakan ce musu ai kwanciya suke a inuwa su yi barci, shi ke nan, ya fi abin da suke yi wa tumaki sauƙi. Ya faɗa har ya yarda da abinsa. Ga shi yau yana kallon barcin.

A karo na huɗu karen ya ciji harshensa, jini ya ɓata wa Glenys riga. Da abin ya sake shi bai ƙara gane ta ba. Idonsa a buɗe, yana numfashi da ƙyar, ƙafafun baya sun riga sun fara rawar na gaba.

"Noel," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yi."

"Koma bayan mota."

"Ba inda za ni."

"To cire hannunki."

Ta cire. Ƙarar harbin ta tashi garken aku masu ruwan hoda daga bishiyoyi, suka yi ta ihu a sama suna zagayawa, sannan suka koma suka sauka inda suka taso.

Ƙasar wurin kamar siminti take. Noel ya yi fiye da awa yana sara da diga yana kwashewa da shebur, don dole ramin ya yi zurfi: duk abin da ya ci gawar shi ma ya tafi. Mikiya biyu sun riga sun iso suna shawagi. Ya sa karen a ciki da bargon, da tawul ɗin da aka goge masa baki, ya mayar da ƙasa, ya yi ta jido duwatsu yana jerawa har gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa. Duk wannan Glenys na zaune a kan akwati, hannuwanta a cinya, ba ta kuka. Shi da ta yi kukan ma da ya fi masa.

Sai da suka koma mota ta yi magana, muryarta a bushe.

"Ƙasar wa ce wannan?"

"Wani gandun kiwo ne. Ban san masu shi na yanzu ba."

"Gidansu na da nisa?"

"Kilomita talatin, ko fi."

"Kai ni."

"Glen, me za ki…"

"So nake in ga fuskar mutumin da ya watsa wannan abin a daji ya koma gida ya ci abincinsa. Ba zan zage shi ba. Zan nuna masa rigata ne kawai, in gaya masa sunan karen. Kai ni, Noel."

Ya tayar da mota. Ya yi ta tuƙi a hankali, yana neman abin da zai ce. Zai iya cewa mutanen ba sa nan. Zai iya cewa hanyar ta lalace, ko mai ba zai isa ba, kuma za ta yarda kamar yadda ta yarda da hankaka. Zai iya ma kai ta, ya tsaya a gefe tana yi wa wani bawan Allah tas a ƙofar gidansa, mutumin ya ba ta haƙuri don ba shi da tabbacin ba nasa ba ne. Da haka za ta koma gida da wanda za ta tsana, ta kuma rage da ƙaninta. Ya auna wannan sosai, kuma Allah ya sani ya so ya yi hakan.

A mararrabar da hanyar gidan ta rabu, inda aka kafa tsohuwar ganga da sunan gandun a jiki, ya taka burki ya kashe injin. Ya sa hannu a aljihu ya fito da gunduwar, ya ajiye ta a gabanta a kan allon mota.

"Mene ne wannan?"

"Irin abin da ya ci ne. Dubi tsagar nan. Ni nake yin ta, ba wani."

Ta kalli naman, ta kalle shi.

"A bayan tankin ruwa suka maƙale, tun ina aiki. Na wanke motar, Glen, na rantse na wanke ta. Ban cire tankin ba ne. Gargada ta fito da su yau."

"Ka ce hankaka."

"Ƙarya na yi."

"Kuma kai ka cire masa takunkumin."

"Ni ne."

Injin na ta ƙarar sanyi, tik, tik. Ya jira ta mare shi, ko ta yi ihu, ko ta kira shi da duk sunan da ta ga dama. Ya shirya wa wannan. Ita kuwa sai ta ci gaba da kallon gunduwar, kamar tana karanta wani abu a jikinta.

"Duk haka suke yi?"

"Su wa?"

"Kada ka mayar da ni yarinya. Waɗanda ka ba wa. Dubu nawa ne? Duk haka suke yi, su kaɗai, ba mai riƙe musu kai?"

Ya buɗe baki, maganar inuwa da barci ta zo masa har kan harshe don sabo. Ya haɗiye ta.

"Ban sani ba, Glen. Yau na fara gani."

Ta daɗe tana dubansa. Ba fushi a fuskarta, kuma wannan ne ya tsorata shi, don irin kallon da ake yi wa baƙon da ya zauna kusa da kai a tashar mota ne.

"To ka gani," ta ce. Ta juya fuskarta ga taga. "Kai ni gida. In mun isa ka ajiye min jakata a bakin ƙofa, ba sai ka shigo ba."

Noel ya ɗauke gunduwar ya naɗe ta a hankici, don ba abin da za a jefar ta taga ba ne. Ya tayar da mota, ya yi kwana a gaban gangar, ya kama hanyar kudu. Kwana biyu ne a gabansu kafin Geraldton.